Layin Waya da Sunan Ƙulu

Duk wanda ya yi aiki a garejojin unguwar Oloumi a shekarun baya ya san Ƙulu mai tuwo. Rumfarta tana bayan wani shagon walda, benci biyu ne da tukwane uku, kuma kafin la'asar an kankare har ƙanzo. 'Yar Gaya ce. Mijinta Ɗanlaraba ne ya kawo ta Libreville, babban birnin Gabon, lokacin yana sayar da takalma da atamfa a unguwar Glass.

Ba su daɗe ba aka karya darajar sefa, kuɗin ƙasar, a farkon 1994. Kayan da yake sarowa suka ninka kuɗi, masu saye suka ɗauke ƙafa. Shekara na zagayowa aka ce duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasar. Ƙulu ta ga maƙwabta suna ɗura kaya a buhu suna nufar bakin ruwa. Ɗanlaraba ya karyar da kayan shagonsa kaf ya yi musu katin zama, wanda kowa ke kira seju. Shagon bai sake tashi ba, tuwon Ƙulu ne ya riƙe gidan. Allah bai ba su haihuwa ba. Da mijin ya rasu 'yan'uwanta suka yi ta aiko mata ta dawo gida, ta ce a nan kabarinsa yake, a nan kuma ta san hanyar abincinta. Seju kuwa ba ta taɓa bari ya mutu a hannunta ba.

Tana da shekara arba'in da 'yan kai ɗan ƙaninta Abdulgani ya sauka, saurayi mai shekara ashirin da uku. Ta jirgin ruwa ya zo daga Kalaba, ba shi da ko takarda ɗaya. Ta ba shi ƙaramin ɗakin gidanta a unguwar Alibandeng, ta kuma samo masa aiki wurin wani mutumin Nijar mai motocin ɗaukar kaya. Abdulgani ne ke karɓar kiran 'yan kasuwa yana tura direbobi. Mai motocin ya ce aikin yana son layin waya da ba ya yankewa, irin na yarjejeniya da ake biya wata-wata. Kamfani kuwa ba ya bayarwa sai ga mai takarda.

"Gwaggo, sunanki kawai za a sa," in ji shi. "Biya ni zan riƙa yi."

Ta ci gaba da kwasar tuwo. Ba ta so ba, amma a gabanta aka yi sunan yaron, kuma bai taɓa yi mata ƙarya ba. Suka tafi ofishin kamfanin tare. Ma'aikaciyar ta kwafi katinta, ta yi bayani da Faransanci, Ƙulu ta dangwala yatsa. A taksi ta ce masa, "Ka dai ji abin da matar nan ta ce. Ran da ka gama da shi, tare za mu zo a rufe."

"In sha Allahu, Gwaggo."

Shekara biyu bai saɓa biya ba. Sai a 2016 naira ta faɗi warwas. Abdulgani ya ga 'yar sefar da ya tara, in ya kai ta Kano, za ta isa a yi masa bizar aiki a Saudiyya. Cikin mako guda ya shirya. Ran tafiya tana ɗaure masa yaji da kuka a leda ta tambaye shi zancen layin.

"Na gama da shi," ya ce, hankalinsa na kan jaka.

Ta ɗauka rufewa yake nufi. Ashe wayar ya sayar wa wani a bakin titin Glass, da layin a cikinta, don ya cika kuɗin jirgi.

Ƙarshen Agusta aka yi zaɓe, gari ya rikice. Aka ƙona shaguna, aka yi ta kame. Ƙulu ta yi kwana goma ba ta ɗora tukunya ba. Ranar da ta koma, da hantsi, wasu mutum biyu cikin farin kaya suka tsaya a bakin rumfar, ɗaya ya karanto cikakken sunanta daga takarda. Ta bar wa maƙwabciyarta Hadidja, wata 'yar Garwa ta Kamaru mai sayar da kunu, ludayi da wuta, ta bi su.

A ofishin 'yan sanda aka ce da lambar layin nan aka yi ta kiran mutane ranar da aka fasa wani shagon kayan gini. Ta ce ba ta taɓa riƙe layin ba.

"Wannan yatsan wa ne?" jami'in ya nuna mata takardar.

"Nawa ne."

"To wa ke riƙe da layin?"

"Ɗan ƙanena. Ya bar ƙasar tun watan Yuli."

"Ina takardunsa?"

In ta ce yana da su, ƙarya ce. In ta ce ba shi da su, ta amsa cewa ta ajiye baƙo marar takarda shekara biyu a gidanta. Ta faɗi gaskiya. Kwana uku ta yi a tsare, a ɗaki ɗaya da mata fiye da ashirin. Dattawan masallacin unguwa ne suka yi ta kai da komo har aka sake ta. An yarda ba ita ta yi kiran ba, amma aka riƙe sejunta, aka ce sai an gama bincike.

Da wayar Hadidja ta samu Abdulgani a Jidda. Ta gaya masa komai, ba ta ɗaga murya ba.

Sai ya ce, "Gwaggo, na ɗauka in an daina biya su da kansu za su yanke."

"Na tambaye ka a bakin ƙofa."

"Kin tambaye ni."

"Da ka ce ba ka rufe ba, da ni kaɗai na je."

Ta ji yana jan hanci. Ta ce Allah ya tsare shi, ta miƙa wa Hadidja wayarta.

Binciken bai ƙare ba. Wata shida tana sintiri ana ce mata ta dawo mako mai zuwa, har kwanan katin ya wuce yana cikin aljihun teburin wani. Daga nan ta daina zuwa, don ta san wanda ya shiga ofishin ba takarda ba lallai ya fito ba. Oloumi ma ta fi ƙarfinta, saboda shingen bincike biyu ne tsakaninta da gida. Hadidja ta karɓi rumfar. Ƙulu ta koma tuƙa tuwo a tsakar gida, Hadidja ta zo da taksi ta ɗauka. Masu gareji suna tambaya, ana ce musu ƙafa ce ke damunta. Da sannu ƙafar ta fara damunta da gaske.

Abdulgani yana kira duk Juma'a, tana amsa gaisuwarsa. Sau biyu ya ce zai biya mata jirgi ta koma Gaya, ta ce za ta yi shawara. Shekara huɗu ta yi a haka, iyakar fitarta shagon bakin lungu. Ta rasu cikin damina, bayan jinyar sati biyu a ɗakinta, don ta ƙi a kai ta asibiti ba takarda. Hadidja ce ta yi mata wanka, makanikan Oloumi suka rufe garejinsu rabin yini suka zo suka ɗauke ta zuwa maƙabarta.