Wayar da Baba Yunusa ya kafa a bango

Shekara goma sha uku ke nan da muka binne Baba Yunusa Ba'amurke, amma har yau in mota ta tsaya a lungunmu na unguwar Sa'alaba a Jidda sai gabana ya faɗi.

Baƙin mutum ne kamarmu, tsohon mawaƙi. Tun yana saurayi ya bar gonar auduga ya bi jirgin ƙasa da garayarsu ta can, yana waƙar baƙin ciki a gidajen rawa, har muryarsa ta hau faifan garmaho. Da tsufa ya musulunta, ya zo hajji, ya maƙale a Jidda ba iƙama, wato takardar izinin zama. Bango ɗaya ya raba ɗakina da nasa. Ni kuwa ɗan ga-ruwa ne, karatuna bai wuce na yin salla ba.

Ranar da na fara jin kukan nan ta bango, da azahar, na yar da garewani na ruga. Na rantse iskoki ne. Da na dawo da garwashi da habbatus-sauda, sai na tarar da tsoho ya ɗaure waya tsakanin ƙusa biyu, yana goga mata kwalba, yana nishi.

Daga nan tsoro na gaske ya fara. Maƙwabta suka soma cewa bori yake kira. A garin nan kuwa wanda aka kai ƙara da sunan sihiri, kora ita ce sa'arsa. Na roƙe shi ya cire wayar. Da guntun Larabcinsa ya ce, "Ya akhi, a garinmu na ga an rataye mutum a bishiya. In na yi shiru, takun masu igiyar nake ji."

To, in kana da kyau ka ƙara da wanka, in ba ka da wayo ka ƙara da hauka. Kullum ya fara, sai in zauna bakin ƙofa in hau dukan garwa da guduma, wai gyara nake, don ƙarar ta danne kiɗansa. Garwa lafiyayya! Unguwa ta sa mini suna Majnun, wato mahaukaci, ta manta da Baba.

Yanzu kaset ya cika kasuwar Balad, samari na sakin kiɗan ƙasarsu Baba a mota, ba mai waiwaye. Da yana raye, ko zai yi dariya, ko zai yi kuka, Allah masani.

Bai bar ɗa ba, bai bar faifai ba, sai ƙusa biyu. Amma ni ma, duk da haifaffen Jidda ne, ba ni da takarda, kuma bana ana bin gida-gida ana kamen irinmu. In na ji tsayuwar mota, sai in tsinci nishin nan nasa a maƙogwarona. Allah Ya jiƙan Baba. Ni ba ni da mai buga mini garwa.