Don Eloy da Gwangwanin Tsakuwa

Tun jiya bakina ya ƙi rufuwa, duk wadda na gani sai na tare ta da labari. Amma bari in fara da mutumin, don labarin nasa ne.

Duk wanda ya taɓa kwana a ƙauyenmu ya san ƙarar nan. Gari bai gama wayewa ba za ka ji ta bayan gidaje, kacau-kacau, kacau-kacau. Don Eloy Maestas ke nan, mai rabon ruwan lambu, yana bin bakin hanyar ruwa da shebur a kafaɗa, da tsohon gwangwanin kofi cike da tsakuwa a rataye a ƙugu. Ya buɗe wa wannan ruwa, ya toshe wa wancan, ya tsame ciyawa. Idonsa kuwa yana ƙasa, yana karanta sawu a laka. Shekara talatin da huɗu yana haka. Ko ranar da aka binne matarsa, sai da ya zaga kafin ya sa baƙar kwat.

Sawun koyoti yake dubawa, dilan ƙasarmu. Akwai mace da namiji da suke zaune a gindin tudu, bayan makabarta, duk shekara su haihu. Sun ci kajin kowa. Sun ɗauke kyanwar malamar makaranta a kan idonta. Sau nawa maza suka taru da bindigogi, Don Eloy ya tsaya a gabansu. Ya ce waɗannan biyun sun san mu, sun san iyakarsu, kuma su ke korar baƙin diloli. In aka kashe su, wasu za su sauko daga dutse, waɗanda ba wanda ya koya musu tsoron mutum. Shi dai maganarsa kullum ɗaya ce: in ka ga dila kusa da gida, kada ka gudu, kada ka yi shiru, ka miƙe ka yi masa rashin mutunci har sai ya bar wurin. Mu kuwa dariya muke yi masa. Mijina Leandro yana kiransa limamin diloli.

To ga abin da ya faru, kuma da hannuna a ciki.

Ranar tunawa da matattu, farkon watan sha ɗaya, surukata Doña Cleofas ta dafa kaza da jan barkono, irin yadda marigayi mijinta Amadeo yake so. Maimakon ta ajiye masa a teburin cikin ɗaki kamar kowa, sai ta ce a kai gindin tuffa, inda yake zama da ransa. Ni na kai farantin. Da safe muka tarar an lashe shi tas. Tsohuwa ta zauna tana kuka tana dariya, wai shekara uku bai taɓa komai ba sai bana. Daga nan kullum da yamma sai ta zuba, ni in kai. A kwana na huɗu na ga mai cin abincin da idona, wani matashin dila mai yagaggen kunne. Na ja bakina na yi shiru. Matar nan ta fara cin abinci, ta fara waƙa a kicin, ni ce zan ce mata dabba take ciyarwa? Sati uku muka yi a haka.

Ranar wata Laraba da hantsi, rana tarwai, ina shanya. 'Yata Itzel, watanta sha huɗu a lokacin, tana zaune a gindin tuffar nan da guntun gurasar masara a hannu. Na ji tana gwaranci da wani. Na juya.

Mai yagaggen kunnen nan ne tsaye, taku biyar tsakaninsu. Bai ko kalle ni ba. Kansa a ƙasa, idonsa a kan hannunta, ita kuma tana miƙa masa gurasar tana cewa wau-wau. Ni da ita ya fi taku ashirin. Duk jikina yana ce min in ruga in fizge ta mu gudu.

Sai na ji muryar Don Eloy daga bayan shingen waya, a hankali: "'Yata, kada ki gudu. Tako gare ta, ki ɗaga hannuwanki."

Don Eloy, an rufe ruwa tun watan goma saboda sanyi. Ba wanda yake biyanka ka bi busasshiyar hanya. Kai ne ka ga sawu ɗaya yana shiga ƙarƙashin wayarmu kullum, ka kasa zama a gida. Kai ne ka haura waya da gwiwoyin nan naka da ko matakalar coci ba sa so, ka ɗaga shebur sama, ka kaɗa gwangwani kamar za ka fasa shi, kana yi wa dilan zagin da ban san ka iya ba. Ya ja da baya taku biyu ya tsaya yana kallonka. Nan na ga fuskarka ta canza, na gane kai ma ka tsorata. Ba ka tsaya ba. Ka jefa tsakuwa gabansa, ka bi shi har ya tsallake hanyar ruwa, ka bi shi har bayan makabarta.

Da Don Eloy ya dawo, wandonsa a yage, jini a ƙaurinsa, ban saki Itzel ba har lokacin. Ya ga farantin. Bai yi min faɗa ba, da ma ya yi. Ya shiga wurin surukata ya cire hula.

Ya ce, "Doña Cleofas, shekara hamsin na san Amadeo. Mutumin da ko tsokar kaza sai kin yaga masa, yaushe ya fara taune ƙashi?"

Ta ce, "Eloy, fita min daga gida."

Ya ce zai fita, amma ta mayar da farantin ɗaki. Amadeo ya san ƙofa, shi ya kafa ta da hannunsa. Ta yi kwana biyu ba ta yi wa kowa magana ba. A na uku na ga farantin a teburin ɗaki, kusa da hotonsa.

Leandro ya ɗauko bindiga, kuma wannan karon ni ce na ce ya harba. Don Eloy ya roƙi kwana goma. Ya ce mu muka cire wa dabbar tsoro, mu gwada mayar masa da shi. In kwana goma suka cika bai gudu daga mace ɗaya ba, shi da kansa zai harbe shi. Ya bi gida-gida ya sa aka tsince tuffar da ta zube, aka rufe shara, aka shigar da kwanon karnuka. Duk inda mai yagaggen kunne ya ɓullo, mata su fito da tukwane da murafe. Kwanakin nan ban yi barcin kirki ba. Ko banɗaki zan shiga, da Itzel a hannuna.

A kwana na tara na fita zubar da ruwa, ni kaɗai, sai ga shi a bakin waya. Na ɗaga bokitin sama na buga shi da ludayi, na taka gare shi ina ihu. Ya runtse kunne ya zura da gudu, ko waiwaye bai yi ba. Ashe Don Eloy yana can bakin hanyar ruwa yana kallo. Ya ɗaga min hula ya wuce.

Yanzu ga labarin! Jiya aka yi gayyar yashe hanyar ruwa, aka gama aka zauna cin wake. Don Eloy ya miƙe ya ce gwiwa ta ƙi, ya ajiye aiki. Shebur ya ba wanda aka zaɓa ya gaje shi. Sai ya kwance gwangwanin daga ƙugunsa, ya wuce duk mazan nan, ya sa min a hannu. Ni, da ko sakandare ban gama ba. Na ce masa ni fa har yau tsoronsu nake ji. Ya ce shi ya sa, ai wanda ya daina tsoro shi ke kai musu faranti.

Don Eloy, mun gode. Allah ya ƙara wa gwiwoyinka sauƙi. Itzel tana tsakar gida yanzu haka tana bin kaji, kai ka bar min ita. Ku kuma maƙwabta, masu sababbin gidaje da mu na da, ku rufe shararku, ku tsince 'ya'yan itacenku, kowa ya nemi gwangwani.

Gobe da asuba ni zan bi bakin ruwan, kuma watan haihuwar diloli ne. In kun ji kacau-kacau a bayan gida ta fi ta Don Eloy sauri, ni ce, hannuna ne yake rawa.