Layar da Na Farke a Rumfa

Da ana mayar da aiki baya, da ban sa wuƙa a layar ɗana ba. Ni baduku ne, a Dala aka haife ni, kuma na ɗinka wa mutane layu har na gaji. Amma ta gidana ce na lalata, da hannuna, tsakar rana, ƙattai suna dariya.

Ɗana na biyu tun yana ƙarami yake da i'ina, ga waswasi. Kafin ya buɗe baki ya gama yanke wa kansa hukunci cewa dariya za a yi masa. Mahaifiyarsa, Allah ya jiƙanta, ta karɓo masa addu'a wajen wani malami a Koki. Ba ta kawo mini in ɗinke ba, don lokacin ba ma ga maciji da ita. Gefen zaninta ta yaga ta naɗe, ta ɗinke da baƙin zare, ɗinki duk a karkace. Ta ce masa duk sanda zuciyarsa ta ce ba zai iya ba, ya dafa ta ya yi bisimilla. Allah ne ya san yadda aka yi, amma yaron ya gama sakandare, ya shiga kwalejin horar da malamai. Yana can ta rasu.

Ana gab da tura shi koyarwa ta gwaji, ya biyo ta rumfata. Ya durƙusa zai gaishe ni sai layar ta zamo daga wuyan rigarsa. Maƙwabcina mai ɗinkin takalma, wanda bakinsa bai taɓa hutawa ba, ya hango ta.

"A'a, sarkin dukawa! Wannan tsumman fa? Ko fata ta ƙare a Kano ne?"

Rumfa ta ɗauki dariya. Kunya ta rufe ni, wai ni za a ga ɗana da layar ƙyalle.

Na ce, "Ciro ta."

"Baba, a b-bar ta haka."

"Ni kake gaya wa a bari? Ciro, na ce!"

Na farke zaren, na yar da ƙyallen cikin tarkacen fata. Na yanko jar fata mai laushi, na yi mata ɗinkin da ban taɓa yi wa mai kuɗi ba. Na ce, "Ungo. Yanzu ka rataya laya." Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya. Da ya sunkuya yana tona tarkacen, na daka masa tsawa: "Me kake nema a shara?" Ya miƙe ya tafi.

Ranar da ya shiga aji, daga sallama bai iya ƙara komai ba. Yara suka riƙa kwaikwayonsa. Bai koma ba. Ni kuwa, wawa, na ce ragwanci ne, na bi unguwa ina faɗa. Sai bayan shekaru yayarsa ta gaya mini a fusace: "Baba, shi bai ma san abin da ke ciki ba. In ya dafa, ɗinkin Umma yake ji."

Mai takalman nan har yau yana rumfarsa, ya ce sam bai tuna ba. In na gan shi raina ɓaci yake, amma shi baki kawai ya sa. Wuƙar a hannuna take. Don kada 'yan zaman banza su raina sana'ata na tsaga wa ɗana abin da yake tsayawa da shi.

Yanzu adaidaita sahu yake ja. Na roƙe shi gafara, ya ce, "Ba komai, Baba," irin yadda ake ce wa fasinjan da ya taka ka. Tun daga rumfar nan bai sake gaya mini abin da yake tsoro ba.

Don Allah, in kun ga naku yana riƙe da wani ɗan abu, zobe ne ko zare ko tsumma, ku tambayi wanda ya ba shi kafin ku taɓa. In ma kuna ganin bai dace ba, ku kira shi ɗaki ku yi magana. Kada ku yi masa a gaban mutane.