Baba Mai-ƙugiya da Bakin Kwalbati

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To, amma fa wannan ba tatsuniya ba ce, 'ya'yana. Mai ita yana nan da ransa, gwiwoyi ne kawai suka gaza, a watan nan ya ajiye aiki.

Shekara talatin da huɗu Baba Mai-ƙugiya yana yasar magudanan ruwan garin nan. Gari na wayewa zai turo baro, shebur a ciki, doguwar ƙugiyar ƙarfe a kafaɗa. Ya faro daga bayan kasuwa yana tsamo leda da tsumma da mushen kaza, har ya dire babban kwalbatin da ke ƙarƙashin titi, wanda ta nan duk ruwan gari ke fita. Mutane su wuce shi suna toshe hanci.

Shi ba ya ƙirga shekaru da lamba. Sai ya ce shekarar da ƙanƙara ta kashe awaki a turke, shekarar da iska ta yaye kwanon makaranta ta kifa shi a gona, shekarar da ambaliya ta ci gida goma sha ɗaya a gangare. A wannan ta ƙarshen ne ubangidansa, wanda ya koya masa aiki, ya shiga buɗe kwalbatin. Ruwan da ya taru kuwa, da ya sami hanya, wanda ya buɗe masa yake fara zuƙewa. Sai bayan kwana biyu aka tsinci gawar.

Bara waccan, da tsakar rana, gari ya yi baƙi ƙirin har kaji suka shige akurki. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Iska ta tumɓuke bishiya, ruwa ya jawo ta bakin kwalbati, wata katifa da ƙyauren shago suka biyo baya suka liƙe wurin. Ruwa ya rasa mafita, ya juya unguwar gangare inda ƙaramin asibiti yake. Malamar asibiti ta fito, ruwa iya gwiwa, ta ce mutum bakwai gare ta a gado, ba mai iya takawa, mota kuma ba ta shigowa.

Baba ya ɗaura igiya a ƙugu. Sai a karo na uku ƙullin ya kama. Matarsa ta riƙe masa riga.

"Malam, ka manta yadda ubangidanka ya tafi?"

"Shi nake tunawa yanzu haka. In ban fito ba, kin gaji baro."

"Baron da tayarsa ke kuka? Riƙe abinka. Miƙo min igiyar nan."

Ta kama, wani mahauci da wani mai faci suka kama a bayanta. Baba ya shiga, ruwa iya ƙirji, jajawur, yana juyi. Ya saƙala ƙugiya a katifa ya ja, ko gezau. Ya sake ja. A na uku aka ji wani irin gurnani daga ƙarƙashin titi, sai aka nemi Baba aka rasa.

Igiya ta miƙe kamar za ta tsinke, ta ja su ukun a ƙasa har bakin rami. Mahauci ya ce shi dai ya riga ya fara salati. Matar kuwa ta ƙara damƙewa. Igiya ta saɓule mata fatar tafi, ba ta saki ba, har kan Baba ya ɓullo.

Kai ne, Baba, ka san abin da ke cikin ramin nan sarai, kana jin tsoronsa, ka kuma shiga. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, kai da mai riƙe maka igiya. Ku kuma masu ƙarfi a jika, ku je ya nuna muku aikin tun yana iya nunawa.

Kwalbati ya buɗe, ruwan ya tsaya a ƙafar gadajen asibiti, bakwai ɗin nan duk sun koma gida. Malamar asibiti tana nan tana aikinta. Matar Baba har yau ba ta iya dunƙule hannun dama. Shi kunnensa ɗaya ya daina ji, yana wuni a ƙofar gida yana duban sama. Ba a sami wanda ya karɓi aikin ba tukuna, damina kuwa saura wata biyu.