Ƙofar da Ba a Buɗe Ba

Shekarar da mahaifina ya zo Fatakwal neman maganin ido, wata huɗu ya yi tare da mu a unguwar Borokiri. Manomi ne tun tasowarsa, ni kuwa albasa nake sayarwa a kasuwar Oil Mill. 'Yata ta fari tana da shekara sha shida lokacin. A nan aka haife ta, bakinta duk turancin buroka, Hausarta ba ta wuce "ina kwana" da "lafiya lau" ba. In ya tsokane ta da "amarya, ina tuwona?" sai ta yi murmushin yaƙe ta shige ɗaki. Abin yana cina a rai. Tsorona kada tsohon ya koma gida shi da jikarsa ba su san juna ba.

Ita kuwa hankalinta yana kan wani shirin fim mai dogon zango. Wasu mutane ne duniyarsu ta ƙone, suka shiga wani ƙaton jirgi suna ratsa taurari suna neman inda za su zauna. A cikin jirgin akwai wata ƙofa da shugabarsu ta hana buɗewa, ko da yunwa ta fara kashe mutane. Sai masu shirin suka dakatar da shi ba su buɗe ta ba. To fa! Ita da 'yan uwanta masu kallo suka duƙufa wajen yin musu a waya, wannan ya ce makami ne a ciki, wancan ya ce dodo.

Wata ranar Lahadi ruwan sama ya tsare mu a gida bayan azahar. Tana ta faɗa da wayarta, Baba ya tambaye ni da wa take rigima. Na fara yi masa bayani, sai na ga ni ma ban gane ba, na ce ta gaya masa da kanta. Ta yi ta kame-kame, Hausa ɗaya buroka biyu, shi kuwa ya kasa kunne kamar ana karanta masa wasiƙa.

"Ɗakin da sanyi?" ya tambaye ta.

"Sosai, Kaka."

"Makullin a hannun soja yake?"

"A'a, wata tsohuwa ce."

Ya yi dariya. "Iri ne, amarya. Mai zuwa sabuwar ƙasa me zai ɓoye in ba iri ba? Muna yara an yi yunwa, innarmu ta rataye damin gero a saman ɗaki. Muna kuka tana kuka, amma ba ta sauke shi ba sai da damina ta faɗi."

Ta rubuta wa mutanenta na waya abin da ya ce. Washegari na dawo kasuwa na tarar da ita zaune a tabarmarsa. Wani daga wata ƙasa ya ƙalubalance su, wai in iri ne me ya sa aka ɓoye wa jama'a. Baba ya ce, "Tambaye shi, ya taɓa nuna wa mayunwaci ƙofar rumbu?" Haka suka yi ta yi kullum da yamma, tana kawo ƙorafi yana warwarewa, tana tambayarsa mene ne dami, mene ne zangarniya. Na ji ta tana gaya wa ƙawarta, "Na my grandpapa talk am," wato kakanta ne ya faɗa, tana ɗaga kai. Wallahi ni ma kaina ya kumbura. Mutumin da bai taɓa shiga aji ba, ga masu boko suna layi a kan maganarsa.

Har yau ba wanda ya san gaskiyar abin da ke cikin ɗakin, ni dai ina bayan Baba.

Bayan ya koma gida da sati biyu, na shigo na same ta tana waya da Hausa, tana ta dariya. Da na gane muryarsa sai na miƙa hannu in gaishe shi. Ta kauce.

"Abba, ka ɗan jira mana, ba mu gama ba."

Na samu wuri na zauna, na jira.