Jirgin Jidda Bai Jira Kaka Ba

Wata safiyar Alhamis cikin Zulƙida, shekarar da nake aji uku a firamaren Abaji, motar doya ta tsaya a ƙofar gidanmu tana ta danna hon, ni kuwa ina zaune kan akwatin Kaka da sabon ɗankwalina, kamar in fashe don haushi. Kaka za ta Makka, Baba zai raka ta filin jirgin Kano, ni kuma ta ce a tafi da ni tunda ni ke riƙe mata buta. Na riga na cika 'yan ajinmu da baki cewa zan ga jirgi a ƙasa. Amma Kaka ba ta gida, ta tafi neman gafara.

Baba ya sha gaya mata cewa daga Kano zuwa Jidda, in an tashi da hantsi, kafin magariba an sauka. Sai ta taɓe baki. Mahaifinta a ƙafa ya je, ya bar ta tana rarrafe, ya dawo ya tarar tana daka. A wurinta mai zuwa Makka sai ya sallami kowa sallamar da ba a sa ran dawowa, kuma ba a aike. Ta bi gari gida-gida, ta je har ƙauyen Gwarawan da muke sayen doya wurinsu. Ranar tafiya kuma sai ta tuna da Dije, Bafulatanar da ke kawo mana nono, wadda ta taɓa yi wa gori a kan fasasshiyar ƙwarya. Rugar su Dije kuwa ta yi gaba da shanu tun ɗaukewar ruwa.

Direba ya jira har rana ta take, ya ce doyarsa ba Makka za ta ba, ya ja motarsa. Kaka ta dawo da yamma, zane duk ƙarangiya, fuska fes. Baba da bai taɓa ɗaga mata murya ba ya ce, "Inna, jirgi fa ba ya jiran mutum." Ta ce, "Wanda ya kira ni ya san ina hanya."

Wata motar sai da kasuwa ta zagayo, ita kuma ta mace mana a hanya, muka yi ta kwana a bakin titi muna cin gasasshiyar doya ba mai. Da muka isa sansanin alhazai aka ce jirgin ƙarshe ya tashi jiya. Don takaici Baba ko ta kan filin bai yarda mun bi ba. Na yi kuka har na shiɗe. Kaka ta shafa kaina ta ce sai baɗi, baɗin da ba ta gani ba.

Yanzu filin jirgi yana nan kusa da mu, kafin shayi ya huce a fulas ka isa. Shekarar da na je Makka, a waya na sallami mutane, wasu ma sai da na dawo suka ji. Da muka sauka Jidda ban ko gama barcina ba, haushin nan ya taso mini sabo, na rasa wa zan ɗora wa. Tafiyar wuni guda ce, Kaka, da kin sani.