Maƙwabtan Batula a Jirgin Rhône

Duk wanda ya taɓa zama a benen su Hajiya Batula a Vaulx-en-Velin, kusa da birnin Lyon, ya san ƙwanƙwasarta. Ba ta danna ƙararrawa, wai tana firgita jarirai. Da bayan yatsa take taɓa ƙofa a hankali, in an buɗe a gan ta da kwano a hannu. Sabon maƙwabci, Balarabe ne ko Bature ko ɗan Komoro, ba ya kwana biyu bai ɗanɗana dambun namanta ba. Haka ta tashi ta gani a Damagaram, haka ta zo da shi Faransa tana amarya, kuma shekara talatin da ɗoriya ba su kankare mata halin ba. Turare da atamfa take sayarwa a falonta, amma in ni za a tambaya, babbar sana'arta maƙwabtaka ce.

Mijinta, Malam Salihu, a tashar jiragen ruwa ta Lyon, bakin kogin Rhône, ya ƙare ƙarfinsa, yana lodin kaya. Shi ne kuma ladanin ƙaramin masallacin unguwa, inda ake kiran salla a cikin ɗaki, ƙofa a rufe, kamar yadda ƙasar ta saba. In ya dawo aiki da yamma yana warin kogi, sai ya ce, "Batula, wata rana sai na sa ki a jirgi mun bi ruwan nan har inda ya ƙare." Ita kuma ta taɓe baki ta ce, "Allah ya nuna mana, Malam. Ci tuwonka kafin ya huce."

To, kafin wata ranar ta zo, ciwon mantuwa ya riga ta zuwa. Da farko hanyar gida ce ta ɓace mishi, sannan sunayen ƴaƴansa, daga baya har nata. Matar da suka yi zaman aure tun ƙuruciya ta koma "baiwar Allah". Abu guda ciwon bai iya ƙwacewa ba: da asuba ta yi sai ya miƙe a gefen gado, ya sa hannu a kunne, ya ɗaga murya kamar yana masallaci. Batula ta janye gadon daga jikin bango, ta rataya manyan barguna don kada maƙwabta su ji, kowa ya tambaya ta ce ƙafa ce ke damun Malam. Kun ji fa! Matar da ta san ciwon kowa a benen, nata ta ƙudundune shi ta zauna a kai. Barcinta kuwa ya zama na kaza, ido ɗaya a buɗe.

Ɗiyarsu Yasmine, wadda ke aiki a wani kantin magani a Paris, ita ta tuna da alkawarin ubanta. Likita ya ce in za a yi tafiya, a yi ta yanzu. Sai ta kama musu ɗaki a jirgin masu yawon shaƙatawa da ke tashi daga Lyon, ya gangara har inda kogin ya shiga teku. Ba ta samu hutun da za ta bi su ba, amma ta zo rakiya bakin ruwa, da guzurin gargaɗi.

"Inna, don Allah, nan ba Vaulx ba ce. Ba a ƙwanƙwasa wa mutane ƙofa, ba a kai musu abinci. On ne dérange pas les gens, ba a takura wa kowa. Bonjour, bonsoir, shi ke nan."

"Na ji, uwata."

Batula ba ta gaya mata cewa kwanon dambu na ƙarƙashin zannuwa a akwati ba. Ba ta kuma gaya mata ƙarfin da muryar Malam ke da shi har yanzu da asuba ba, don ko Yasmine ba ta san abin ya kai haka ba.

Ɗakin jirgin tsaf-tsaf, ga taga tana kallon ruwa. Amma bangon, wayyo, kamar kwali. Tarin maƙwabci ana ji, har ƙarar cokalinsa a kofi. Batula ta fito da bargon da ta zo da shi, ta duba sama ta duba ƙasa, babu ko ƙusa ɗaya da za ta rataya shi. Ta rage muryar talho, ta riƙa rufe ƙofar kabad da hannu biyu, ta cire wa Malam takalmi tun daga bakin ƙofa. Duk abin da mutum zai yi don kada ya dami na kusa, ta yi.

Asuba ta yi, Malam ya miƙe. Bai kai ƙarshen kabbarar farko ba aka daki bangon daga ɗaya ɓangaren. Washegari ta kama hannunsa, ta ce, "Malam, a hankali, mutane na barci." Ya fizge, ya dube ta da idon da bai san ta ba, ya ce, "Ke wace ce da za ki hana kiran salla?" Ya ƙara ɗaga murya. Ita kanta kunyar Allah take ji da ta ce mishi ya yi shiru.

Da hantsi matar da ke kula da fasinjoji ta zo. Ta yi magana da ladabi, ba laifi, amma maganar ba ta da daɗi. Maƙwabta sun kai kuka. In abin ya sake faruwa gobe, zai fi musu sauƙi su sauka a gari na gaba, akwai jirgin ƙasa da zai mai da su Lyon. Batula ta ce to, ta rufe ƙofa, ta zauna a bakin gado. Malam na jikin taga yana kallon ruwa yana murmushi, murmushin da ta manta rabonta da ganinsa. Ko rabin hanya ba su yi ba. Ta san in suka sauka, an sauka ke nan, babu wata tafiyar a gaba. Kuka ya zo mata, ta toshe baki da gyale saboda bangon.

Sai zuciya ta ce mata, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bayan abincin rana, da Malam ya kishingiɗa barci ya ɗauke shi, ta buɗe akwati ta ciro kwanon, ta je ta taɓa ƙofar ɗakin da aka daki bango. Yasmine ta yi haƙuri, ita dai hanya ɗaya ta sani ta zama da maƙwabci.

Wata doguwar Baturiya mai gilashi ta buɗe ƙofa, fuska ba annuri. Sunanta Odile. Batula ta russuna, ta fara gaisuwa da Faransancinta yadda ake yi a gida, tun daga tushe.

"Madame, kun kwana lafiya?"

Kai, Batula! Mutanen da suka kai ƙararki a kan barci, su za ki tambaya kwana?

"A'a, Madame," in ji Odile. "Ba mu kwana lafiya ba. An yi mini aikin zuciya, likita ya ce in huta, shi ya sa muka shigo jirgin nan. In na farka a firgice, ƙirjina sai ya yini yana bugawa."

Da Batula ta ɗauka masu tsegumi ne kawai, ashe mai ciwo ce ta haɗu da mai ciwo. Ta miƙa kwanon da hannu biyu, Odile ta tsaya tana kallonsa ba ta karɓa ba. Sai kawai Batula ta ji bakinta ya buɗe. Abin da ta ɓoye wa matan benensu, wanda ta ɓoye wa ƴan masallaci, ta zazzage shi a ƙofar baƙuwar da ko sunanta ba ta gama riƙewa ba: ciwon, da lodin kaya, da alkawarin, da sunanta da ya ɓace.

"Kina da gaskiya, Madame, haƙƙinki ne ki yi barci. Ban zo in yi gardama ba. Ni dai ban san yadda zan yi ba ne."

Daga cikin ɗakin wani gajeren tsoho mai kaurin damtse ya leƙo. Mijin Odile ne, Lucien. Ya karɓi kwanon, ya buɗe, ya ɗebi dambu ya kai baki, yaji ya sa shi tari har da hawaye, amma ya sake ɗiba.

"Madame, wannan kiran, dole sai a cikin ɗaki ake yinsa?"

"A'a. A ƙasarmu ma a sarari ake yi, a bisa."

"To ai magana ta ƙare. Ni mai gasa burodi ne, shekara arba'in a Paris. Na aje aiki, amma idona bai aje ba. Kafin mijinki ya tashi ni na daɗe da tashi, ina zaune cikin duhu kamar ɓarawo don kada in ta da wannan." Ya nuna matarsa da haɓa. "Can bisa, ta bayan jirgi, wajen inji, babu ɗakin kowa. In zo in ɗauke shi mu hau."

Odile ta ce, "Da wannan hannun naka za ka buga musu ƙofa? Ai sai ka ta da jirgin duka."

Batula ta ɗaga bayan yatsa ta taɓa ƙofar, ta nuna mishi yadda ake yi. Ya gwada, ya sake gwadawa, har Odile ta yi dariya ba ta shirya ba. Shi da kansa ya je ya shaida wa mai kula da fasinjoji, ta ce in dai babu wanda ya sake kawo kuka, ita ba ta da matsala.

Washegari, Malam na laluben hularsa, aka taɓa ƙofa a hankali. Batula ta buɗe da fargaba, don Malam ba ya yarda da baƙo. Lucien ya tsaya da rigar sanyi a hannu, ya ce, "Salihu, on y va, mu je, lokaci ya yi." Ko abokin aikinsa na tasha ya ɗauke shi, Allah masani. Ya dai sa rigar ya bi shi kamar sun saba. Batula ta bi bayansu ta tsaya a matakala. Gari bai waye ba, gonakin inabi na wucewa baƙi-baƙi a gefen kogi. Malam ya sa hannu a kunne. Rabonsa da kiran salla a ƙarƙashin sararin Allah tun yana saurayi a Damagaram. Lucien ya cire hularsa ya riƙe, ya ja gefe, yana kallon ruwa har aka gama.

Da rana Odile ta dawo da kwanon, ta cika shi da alewar da ta saya a garin da jirgi ya tsaya. Ba wanda ya gaya mata ba a mai da kwano wayam. Ta dubi idon Batula ta ce, "Gobe kada ki hau. Lucien ya iya. Ki yi sallarki ki kwanta."

Batula ta ce to don kunya, da niyyar ba za ta kwanta ba. Washegari da asuba ta idar da salla, ta ce bari ta ɗan jingina. Sai hasken rana ta ji a fuskarta. Ta zabura ta haye bisa ba ko takalmi, ta tarar da tsofaffin biyu a zaune suna shan shayi, Malam na ba Lucien labari da Hausa, Lucien na gyaɗa kai yana cewa oui, oui, alhali ko kalma ɗaya ba ya ji. Wallahi ranar ta yi wa mutanen nan addu'ar da ba ta taɓa yi wa wani maƙwabci ba.

Gari na gaba ya zo ya wuce, ba wanda ya ce su sauka. Suka wuce Avignon, suka wuce Arles, ƙasa ta baje, iska ta fara ɗanɗanon gishiri. A rana ta ƙarshe kogin ya buɗe, gaɓa ta ja baya hagu da dama, sai ruwa iya ganin ido. Fasinjoji suka cika bisa suna ɗaukar hoto. Lucien ya taho zai tsaya kusa da abokinsa, Odile ta kama hannun rigarsa ta ja shi baya, suka bar musu wurin.

Malam ya daɗe yana kallo, hannunsa a kan ƙarfen jirgin. Sannan ya juyo.

"Batula."

Ta riƙe ƙarfen da kyau.

"Batula, ga inda ya ƙare. Na ce zan kawo ki ko ban ce ba?"

"Ka ce, Malam," in ji ta. "Ka kuma kawo ni."